Gobara Daga Kogi: Tarihin Hayaƙin Gobarar Dazuzzuka a Indonesiya (1967 zuwa 2023)

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce, gobara daga kogi maganinta Allah. Akan kawo wannan karin magana ne idan masifa ta ɓullo daga inda ake sa ran samun tsira. Da wuya a sami ƙasar da zancen ya dace da ita a zahiri kamar Indonesiya. Ƙasa ce mai tsibirai sama da 17,000 a kudu maso gabashin Asiya, mai mutane fiye da miliyan 270, galibinsu Musulmi. Ruwan sama yana sauka a can mafi yawan watannin shekara, har wasu dazuzzukanta a cikin ruwa suke tsaye. Duk da haka, tun daga farkon shekarun 1980 waɗannan dazuzzuka suke kamawa da wuta a kai a kai, kuma a shekarun da abin ya tsananta, hayaƙin da suke fitarwa yakan yi kafaɗa da kafaɗa da na manyan ƙasashe masu masana'antu.

Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan hayaƙi daki-daki, daga 1967 zuwa 2023. Abin da take son nunawa shi ne, fari ya daɗe yana zuwa yana wucewa a ƙasar, amma yawan hayaƙin ya bi sawun abin da mutane suka yi wa dajin ne, musamman janye ruwa daga fadamunsa.

2.0 Bayanin Muhimman Kalmomi

Iskoki masu ɗumama duniya su ne iskokin da ke sararin samaniya, waɗanda ke barin hasken rana ya shigo, sannan su riƙe wani kaso na zafin da ƙasa ke mayarwa sama, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Fitattu daga cikinsu su ne kabon dayoksaid da metan. Kusan rabin nauyin busasshen itace sinadarin kabon ne, wanda bishiya ta zuƙo daga iska lokacin da take girma. Idan itacen ya ƙone, kabon ɗin yakan haɗu da iskar oksijin ya koma sama. Tan ɗaya na kabon yana haifar da kimanin tan 3.67 na kabon dayoksaid. Ya kamata ɗalibi ya kiyaye wannan, domin wasu alƙaluma da kabon ake ba da su, wasu kuma da kabon dayoksaid.

Gambut kalma ce ta harshen Indonesiya, kuma da ita za a yi amfani a nan. Wata irin ƙasa ce baƙa mai laushi da ake samu a fadamun daji, wadda ta samu daga ganyaye da saiwoyi da rassan da suka faɗa cikin ruwa. Saboda ruwan ya hana iska kaiwa gare su, ba su ruɓe gaba ɗaya ba, sai suka yi ta taruwa wani kan wani. Kaurin da yake ƙarawa a shekara bai wuce 'yan milimita ba, amma bayan dubban shekaru zurfinsa ya haura mita 10 a wasu wurare. Ƙiyasin hukumomin ƙasar na 2011 ya nuna akwai hekta miliyan 14.9 na gambut, mafi yawansa a Sumatra da Papua da Kalimantan, wato ɓangaren tsibirin Borneo da ke hannun Indonesiya. Masana sun ƙiyasta kabon da ke kwance a cikinsa tsakanin tan biliyan 28 zuwa 57.

El Nino kuwa suna ne na ɗumamar da ruwan tsakiya da gabashin tekun Pasifik ke yi duk bayan shekara biyu zuwa bakwai. Idan ta auku, hadari yakan kauce wa Indonesiya, rani ya yi tsawo.

Akwai wani bambanci da harshen Hausa ya riga ya tanadi kalmominsa. Gobarar dajin da muka saba gani da kaka da hunturu wutar kara ce: ta tashi fuu, ta cinye ciyawa, ta mutu. Da damina ta faɗi, sabuwar ciyawa za ta fito ta sake zuƙe mafi yawan kabon da ya tashi. Shi ya sa, ko da yake Afirka ce ta fi kowace nahiya faɗin ƙasar da ke ƙonewa a shekara, yawancin wannan kabon bashi ne da ake biya a damina ta gaba. Gobarar gambut kuwa wutar ƙaiƙayi ce. Tana ci a ƙarƙashin ƙasa makonni ko watanni ba tare da harshe ba, tana fitar da hayaƙi mai kauri da metan mai yawa, kuma abin da ta cinye ba zai dawo a zamanin jikoki ba.

3.0 Dajin Kafin 1967

Wuta ba baƙuwa ba ce a dazuzzukan Indonesiya. An tono gawayi mai dubban shekaru a cikin ƙasar Kalimantan ta Gabas, kuma rubuce-rubucen zamanin mulkin mallakar Holan sun ambaci gobara a shekarun fari mai tsanani irin su 1877 da 1914. Al'ummun Dayak na Kalimantan sun daɗe suna yin sassabe su ƙone, su noma shinkafar tudu shekara ɗaya ko biyu, sannan su bar wurin ya sake zama daji. Sai dai gonakin ƙanana ne, kuma dajin da ke kewaye da su yana da duhuwa da laima, don haka wutar ba ta cika yin nisa ba. Fadamun gambut kuwa ba kasafai ake noma su ba, domin ƙasarsu tana da tsami, ga ruwa.

Wani nazari da aka wallafa a 2009 ya kawo hujja mai ƙarfi a kan wannan batu. Masu nazarin sun duba bayanan da filayen jiragen sama ke ajiyewa tun daga 1960 game da nisan da ido ke iya hangowa a kowace rana. Sun gano cewa a Sumatra, inda aka riga aka buɗe daji, hazon hayaƙi yana bayyana a shekarun fari tun daga shekarun 1960. A Kalimantan kuwa, an yi fari a shekarun 1960 da 1970 ba tare da irin wannan hazo ba, sai daga shekarun 1980 ya fara bayyana. Ke nan farin bai sauya ba, dajin ne ya sauya.

4.0 Buɗe Daji da Gobarar 1982 zuwa 1983

A 1967 gwamnatin Janar Suharto, wadda ta gaji tattalin arziki mai rauni, ta kafa dokar gandun daji da ta sanya mafi yawan dazuzzukan ƙasar a hannun hukuma, tare da wata doka ta jawo jarin waje. Daga nan aka shiga yanka wa kamfanoni manyan yankuna domin sarar katako. Cikin shekarun 1970 Indonesiya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da gumaguman katako na ƙasashe masu zafi, akasari zuwa Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan. A lokaci guda kuma aka faɗaɗa shirin kwasar jama'a daga tsibirin Java mai cunkoso zuwa Sumatra da Kalimantan da sauran tsibirai. Turawan Holan ne suka fara shirin a 1905, amma a zamanin Suharto ya kai ga miliyoyin mutane, da tallafin Bankin Duniya.

Sarar katako takan bar daji da illa uku. Idan aka kayar da manyan bishiyoyi, rana da iska sukan sami hanyar shiga su busar da ƙasa. Rassa da kututture da aka bari sukan zama makamashi. Hanyoyin da aka fasa wa manyan motoci kuma sukan kai mutane, tare da wutarsu, har tsakiyar dajin.

Sakamakon ya bayyana lokacin El Nino mai ƙarfi na 1982 zuwa 1983. A Kalimantan ta Gabas kaɗai, sama da hekta miliyan 3 suka ƙone, wato kusan ninki ɗaya da rabi na faɗin Jihar Kano. Binciken da ya biyo baya ya nuna dajin da aka riga aka sara ya fi wanda ba a taɓa ba lalacewa nesa ba kusa ba. Mahukunta sun ɗora laifin a kan fari da masu sassabe, aka ci gaba da harka kamar da. Farin wannan shekara ta 1983 ya taɓa Afirka ta Yamma ma, domin a cikinta ne gobarar daji ta cinye gonakin koko da na abinci a Ghana. A wancan lokaci hankalin duniya yana kan asarar katako da dabbobi, ba a fara lissafin hayaƙin a matsayin abin da ke ɗumama duniya ba. Gobarar ta sake dawowa a 1987 da 1991 da 1994, kuma hazonta ya fara isa Malesiya da Singafo.

5.0 Aikin Shinkafa da Gobarar 1997 zuwa 1998

A 1984 Indonesiya ta kai ga ciyar da kanta da shinkafa, abin da Suharto ya yi alfahari da shi matuƙa. Zuwa farkon shekarun 1990 wannan nasara ta fara suɓucewa, saboda gine-gine da masana'antu suna cinye gonakin Java. A ƙarshen 1995 shugaban ya ba da umarnin mayar da kimanin hekta miliyan ɗaya na fadamun gambut a Kalimantan ta Tsakiya gonakin shinkafa. Cikin shekara biyu aka haƙa magudanan ruwa masu tsawon sama da kilomita 4,000, kusan ninki huɗu na tafiyar Kano zuwa Legas. An yi nufin su kai ruwa gonaki, amma da yake tsakiyar fadamar gambut ta fi gefenta tudu, sai magudanan suka riƙa tsiyaye ruwan zuwa koguna. Shinkafar ba ta yi ba, domin ƙasar ba ta dace da ita ba. Abin da aka samu shi ne busasshen gambut mai faɗin rabin Jihar Kano, da hanyoyin ruwa da ɓarayin katako ke bi.

Sai ga El Nino na 1997, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi a ƙarni na 20. Wutar da aka cinna domin share filaye a Sumatra da Kalimantan ta ƙwace, ta nutse cikin gambut. A watan Satumba hazon hayaƙi ya lulluɓe yankin. A birnin Kuching na Malesiya ma'aunin gurɓacewar iska ya kai 839, alhali duk abin da ya haura 300 ana ɗaukarsa haɗari ne ga lafiya, har aka kafa dokar ta-ɓaci. Ranar 26 ga Satumba jirgin saman kamfanin Garuda ya faɗi kusa da birnin Medan a cikin wannan hazo, mutum 234 da ke ciki suka rasu. Suharto ya nemi afuwar maƙwabta, kuma a karon farko gwamnati ta fitar da sunayen kamfanoni 176 da ake zargi da ƙona filaye, bayan hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna inda wutar ke tashi. Bayan ɗan sauƙi a ƙarshen shekara, gobarar ta sake ɓarkewa a Kalimantan ta Gabas a farkon 1998. Ƙiyasin abin da ya ƙone baki ɗaya ya kama daga hekta miliyan 9.7 zuwa 11.7, kusan faɗin Jamhuriyar Benin.

Wannan ce gobarar da ta sauya fahimtar masana. A 2002 Susan Page ta Jami'ar Leicester da abokan aikinta suka wallafa sakamakon bincikensu a mujallar Nature. Sun nazarci yanki mai faɗin hekta miliyan 2.5 a Kalimantan ta Tsakiya, wanda ya haɗa da filin aikin shinkafar. Sun gano kashi 32 cikin 100 na yankin ya ƙone, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na abin da ya ƙone gambut ne. Wutar ta ci zurfin kimanin rabin mita, wato tarin ɗaruruwan shekaru a cikin 'yan watanni. Da suka faɗaɗa lissafin zuwa ƙasar baki ɗaya, sai suka ƙiyasta cewa kabon da ya tashi a 1997 ya kai tsakanin tan biliyan 0.81 zuwa 2.57. Wannan daidai yake da kashi 13 zuwa 40 cikin 100 na abin da duk duniya ke fitarwa a shekara daga fetur da gas da kwal a wancan zamani. Binciken baya ya fi karkata ga ƙaramin adadin, amma ko shi ɗin ya kai kusan tan biliyan 3 na kabon dayoksaid. Tashar awon iska ta Mauna Loa da ke Hawai ta nuna cewa ƙaruwar kabon dayoksaid ta 1998 ta fi ta kowace shekarar da ta gabace ta tun da aka fara awo a ƙarshen shekarun 1950, kuma gobarar Indonesiya tana cikin dalilan hakan.

Abin lura shi ne, a watan Disamba na 1997, toka ba ta gama hucewa ba, ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar Kyoto kan rage hayaƙi. Hankalinta yana kan masana'antun ƙasashe masu arziki, ba ta yi wani tanadi na a-zo-a-gani ba game da dazuzzukan ƙasashe masu tasowa.

6.0 Zamanin Manja: 1998 zuwa 2014

Suharto ya sauka daga mulki ranar 21 ga Mayu, 1998, a tsakiyar rikicin tattalin arziki, kuma aka yi watsi da aikin shinkafar. Magudanan dai suna nan a buɗe. Dokokin rarraba iko na 1999 sun ba shugabannin gundumomi damar bayar da izinin filaye, sai lasisi ya yawaita, wani ma a kan wani.

Abin da ya fi jan hankalin masu jari a wannan zamani shi ne manja. Kwakwar manja 'yar asalin Afirka ta Yamma ce. A 1848 aka dasa ƙwaya huɗu a lambun binciken tsirrai na Bogor da ke Java, a 1911 kuma aka buɗe gonar kasuwanci ta farko a Sumatra. Daga kimanin hekta miliyan ɗaya a 1990, gonakinta sun haura hekta miliyan 16 zuwa 2019, kuma tun wajajen 2006 Indonesiya ta sha gaban Malesiya ta zama ta ɗaya a duniya wajen samar da manja. Ban da kwakwa, an dasa gandayen itatuwa masu saurin girma domin masana'antun takarda, musamman a lardin Riau. Duka biyun ba sa son tsayawa cikin ruwa, saboda haka duk inda aka kai su kan gambut sai an haƙa magudanai.

Wuta kuwa ita ce hanya mafi arha ta share fili, kuma filin da aka ƙone ya fi tsada a kasuwa. Masu cinna ta sun haɗa da kamfanoni, da dillalan filaye, da matsakaitan manoma, da masu rikicin mallakar ƙasa. Dajin da ya ƙone sau ɗaya yakan koma saura mai ciyayi da ƙananan itatuwa, wanda ya fi saurin kamawa a karo na biyu. An sake ganin manyan gobara a 2002 da 2006. A Yunin 2013, shekarar da babu El Nino, 'yan makonni na rashin ruwa sun isa su sa gambut ɗin Riau ya kama, har ma'aunin gurɓacewar iska a Singafo ya kai 401. Wato an kai matsayin da ba sai an yi babban fari ba.

A wannan zamani ne kuma maganar ta shiga siyasar duniya. Ƙasashen ƙungiyar ASEAN sun sa hannu kan yarjejeniyar hazo mai ƙetare iyaka a 2002, amma Indonesiya ba ta tabbatar da ita ba sai a 2014, ita ce ta ƙarshe. Wani rahoto na ƙarshen 2006 ya nuna cewa idan aka haɗa da hayaƙin daji da gambut, ƙasar ce ta uku a duniya, bayan Amurka da Sin. A Disamban 2007 ta karɓi baƙuncin taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a Bali, inda aka shigar da batun biyan ƙasashe domin su adana dazuzzukansu. A 2009 Shugaba Susilo Bambang Yudhoyono ya yi alkawarin rage hayaƙi da kashi 26 cikin 100 kafin 2020, ko kashi 41 idan an sami tallafin waje. Norway ta yi alkawarin dala biliyan ɗaya a 2010, kuma a Mayun 2011 aka dakatar da bayar da sabon lasisi a kan gambut da dajin da ba a taɓa sara ba. Sai dai dakatarwar ba ta shafi lasisin da aka riga aka bayar ba.

7.0 Gobarar 2015

El Nino mai ƙarfi ya dawo a 2015, ya tarar da gambut ya fi na 1997 bushewa da rarakewa. Tsakanin Yuni da Oktoba hekta miliyan 2.6 suka ƙone, musamman a Sumatra ta Kudu da Kalimantan ta Tsakiya da Papua. Faɗin bai kai na 1997 ba, amma wannan karon duniya tana kallo kullum ta tauraron ɗan'adam. Masu lissafin hayaƙin gobara sun ƙiyasta kimanin tan biliyan 1.75 na iskoki masu ɗumama duniya idan aka auna su da kabon dayoksaid, fiye da abin da Japan ke fitarwa a shekara. A kwanaki da dama na Satumba da Oktoba, hayaƙin yini guda ya zarce matsakaicin abin da tattalin arzikin Amurka baki ɗaya ke fitarwa a yini.

Mutanen da ke ƙarƙashin hazon su suka fara ɗanɗana kuɗarsa. A Palangkaraya, babban birnin Kalimantan ta Tsakiya, sama ta koma rawaya, aka rufe makarantu makonni, jirage suka daina sauka. Hukumomi sun ba da rahoton sama da mutum 500,000 da suka kamu da ciwon numfashi. Wani nazari na masanan jami'o'in Harvard da Columbia a 2016 ya ƙiyasta cewa hazon ya gajarta rayuwar kimanin mutum 100,300 a Indonesiya da Malesiya da Singafo, ko da yake gwamnatocin ƙasashen uku sun musanta wannan adadi. Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar a dala biliyan 16.1, wato kashi 1.9 cikin 100 na arzikin da ƙasar ta samar a shekarar, fiye da ninki biyu na kuɗin sake gina Aceh bayan ambaliyar tsunami ta 2004. Shugaba Joko Widodo ya katse ziyarar da yake yi a Amurka a ƙarshen Oktoba ya koma gida. Sojoji da jiragen yayyafa ruwa sun yi iya ƙoƙarinsu, amma wutar ba ta mutu ba sai da damina ta sauka.

8.0 Mayar da Ruwa: 2016 zuwa 2023

Bayan 2015 ne hukuma ta fara tunkarar tushen matsalar. A Janairun 2016 aka kafa Hukumar Farfaɗo da Gambut, aka ɗora mata nauyin gyara kimanin hekta miliyan 2 a larduna bakwai. Aikinta ya rataya ne a kan abu uku: toshe magudanai da ƙananan madatsu domin ruwa ya sake tasowa, sake dasa itatuwan fadama, da sama wa mazauna sana'ar da ba ta buƙatar ƙona fili. Dokar ƙasa ta wajabta wa masu gonaki a kan gambut kada ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ƙasa da santimita 40. A shekarar 2016 ɗin Majalisar Malaman Indonesiya ta fitar da fatawa mai haramta ƙona daji da filaye idan hakan zai jawo ɓarna ko cutar da mutane. Kotuna sun ci tarar wasu kamfanoni maƙudan kuɗi, ko da yake karɓo tarar ya zama wani jan aiki. A Agustan 2019 aka mayar da dakatarwar 2011 ta dindindin.

Tsugune dai ba ta ƙare ba. A 2019 an sake yin fari, wannan karon saboda sauyin ɗumin ruwan tekun Indiya. Gwamnati ta ce hekta miliyan 1.6 suka ƙone, wani bincike mai zaman kansa kuma ya ce sun kai miliyan 3.1. Cibiyar sa ido kan iska ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta kimanin tan miliyan 700 na kabon dayoksaid, kusan ninki biyu na gobarar dajin Amazon na Brazil da ta cika kafafen labarai a shekarar. Daga 2020 zuwa 2022 an sami ruwa mai yawa, alƙaluman hukuma ba su kai hekta 400,000 ba a kowace shekara. Da El Nino ya dawo a 2023, an ƙone kimanin hekta miliyan 1.16, ƙasa da rabin na 2015. Gwamnati ta ɗauki wannan a matsayin shaidar nasarar matakanta. Masu suka kuma sun yi nuni da cewa farin 2023 bai kai na 2015 tsanani ba, sannan a 2020 gwamnatin ta sake buɗe shirin noman abinci a wani ɓangare na tsohon filin shinkafar Suharto.

9.0 Dalilin Saɓanin Alƙaluma

Mai karatu zai lura cewa kusan kowane adadi a wannan tarihi yana da ƙarami da babba. Dalili shi ne ba a auna hayaƙin gobara da mudu, lissafo shi ake yi daga abu huɗu: faɗin wurin da ya ƙone, yawan makamashin da ke wurin, kason da wutar ta cinye, da yawan iskar da kowane tan ke fitarwa. Tauraron ɗan'adam yana iya nuna faɗi, ko da yake gajimare da hayaƙi sukan tare masa gani. Zurfin da wuta ta ci a cikin gambut kuwa sai an je wurin an auna, kuma kuskuren santimita 10 a faɗin hekta miliyan ɗaya yana sauya lissafi da miliyoyin tan. Jerin alƙaluman tauraro da masana ke dogaro da shi daga 1997 ya fara, saboda haka kwatanta 1983 da 2015 sai da taka tsantsan.

Har ila yau, gobara ba ita ce dukan labarin ba. Gambut ɗin da aka janye wa ruwa yana ci gaba da ruɓewa yana fitar da kabon dayoksaid kullum, ko da ba a ƙyasta ashana ba, ƙasar kuma tana lotsawa a hankali. Gobara takan hanzarta abin da magudanai suka riga suka fara ne.

10.0 Kammalawa

Idan aka jera shekarun 1983 da 1997 da 2015 da 2019 da 2023, za a ga fari ne ke zaɓar shekarar da gobara za ta tashi, amma girman hayaƙin ya danganta da yadda farin ya tarar da dajin. Dokar 1967 ta buɗe shi ga masu sara, aikin shinkafa na 1995 ya tsiyaye fadamunsa, gonakin manja da na takarda suka yaɗa magudanai zuwa sauran larduna. Sauƙin da aka fara gani bayan 2016 kuma ya zo ne tare da toshe magudanan, ko da yake babban fari na gaba ne zai gwada ƙarfin aikin. Gobarar ta fito daga kogi da gaske, sai dai hannun mutum ne ya janye ruwan kogin, kuma hannun mutum na iya mayar da shi.

Darasin bai tsaya a Asiya ba. A 2017 masana suka bayyana cewa a tsakiyar kwarin kogin Kwango akwai fadamar gambut mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 145,500, mai ɗauke da kabon kusan tan biliyan 30. Har yanzu mafi yawanta tana cikin ruwa, kamar yadda fadamun Kalimantan suke kafin 1995, kuma masu neman mai da katako da filayen noma sun fara kai mata ido. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A nan ba sai an shafa ba, a bar ruwan inda yake kawai.